Daga abin wasa zuwa kayan aiki: yaushe waya da kafafen sada zumunta ke amfanar masu su?

A ranar 10 ga Disamban 2025 wata doka ta fara aiki a Ostireliya, wadda ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a Facebook da Instagram da TikTok da Snapchat da X da wasu manyan kafafe. Babu hukunci a kan yaro ko iyayensa. Kamfanin da ya yi sakaci shi za a iya ci tarar da ta kai dalar Ostireliya miliyan 49.5. Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne batun YouTube. Lokacin da majalisar ƙasar ta amince da dokar a Nuwamban 2024, gwamnati ta ce za ta ware shi saboda amfaninsa wajen karatu. A Yulin 2025 ta sauya shawara, ta saka shi cikin jerin. WhatsApp kuwa ba a taɓa shi ba.

Idan gwamnati guda, da masu ba ta shawara, ta kasa tsayawa kan magana ɗaya game da YouTube cikin wata takwas, ba abin mamaki ba ne iyaye da malamai su rasa inda za su ajiye shi. Makaranta ce ko majigi? Wannan tambayar ta shafi wayar hannu kanta, da na'urar wasan bidiyo, da agogon hannu mai intanet, da iyafis ɗin da ke maƙale a kunnuwan matasa.

Me ake nufi da kayan aiki?

Kayan aiki shi ne abin da mutum ke ɗauka da niyyar da ya riga ya ƙulla, ya yi abin da ya kawo shi, ya ajiye. Guduma ba ta kiran kafinta da tsakar dare. Abin nishaɗi kuwa, ƙimarsa tana cikin daɗin lokacin da aka ɓata a kansa, kuma wannan ba aibi ba ne, domin hutu ma buƙata ce.

Akwai abu biyu da ake yawan gwamutsawa a wannan muhawara. Na farko na'ura, wato ƙarfen da mutum ya saya ya riƙe a hannunsa. Na biyu dandali, wato Facebook ko TikTok, wanda yake zaune a kwamfutocin kamfani, ana shiga kyauta, kuma kamfanin ne ke tsara abin da za a gani. Mai yin wannan tsarin shi ne algoridim, jerin ƙa'idojin lissafi da ke duba abin da mutum ya tsaya a kai, da daƙiƙa nawa ya yi yana kallo, da abin da ya tsallake, sannan ya zaɓo masa na gaba. Amsar tambayarmu ta bambanta sosai tsakanin na'ura da dandali, kuma rashin raba su ne ke sa masu gardama su yi ta magana ba su haɗu ba.

Abin wasan da ya shiga ɗakin bincike

A ɓangaren na'ura tarihi ya riga ya ba da amsa. Kamfanin Nvidia, wanda aka kafa a 1993, ya yi suna ne da ƙera katin sarrafa hoto domin wasannin kwamfuta su fito tar, motsi ya tafi sumul. Aikin katin shi ne yin dubban ƙananan lissafi a lokaci guda, saboda kowane ɗigo a allo yana buƙatar nasa. Daga baya masu bincike suka gane cewa irin wannan lissafin ne ake buƙata wajen horar da ƙirƙirarriyar basira (AI). A 2012 wasu masu bincike uku a Jami'ar Toronto, Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever da Geoffrey Hinton, suka lashe wata gasar gane hotuna da tazara mai yawa, kuma da katin wasa guda biyu kacal na Nvidia suka horar da manhajarsu. Yawancin abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira a yau daga wannan turbar ya biyo.

Kafin nan, a 2010, sashen bincike na rundunar sojin saman Amurka ya haɗa na'urorin wasan bidiyo na PlayStation 3 guda 1,760 wuri ɗaya ya mai da su babbar kwamfuta, domin hakan ya fi araha nesa ba kusa ba. A 2011 kuma masu buga wani wasa mai suna Foldit, wanda Jami'ar Washington ta ƙirƙira, suka warware siffar wani furotin na ƙwayar cutar da ke kama birai cikin makonni kaɗan, bayan masana sun shafe fiye da shekara goma suna fama da shi.

Misalin da ya fi kusa da mutum shi ne na kunne. A Satumban 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da AirPods Pro 2, iyafis ɗin kamfanin Apple, a matsayin na'urar taimaka wa ji ga manya masu ƙaramar matsala ko matsakaiciya. Mutum zai zauna a ɗaki shiru, ya sa su a kunne, waya ta riƙa sako masa sauti iri-iri, wani siriri wani mai kauri, yana taɓa allo duk lokacin da ya ji. Cikin kamar minti biyar waya ta zana masa taswirar jinsa, daga nan iyafis ɗin ya riƙa ƙara ƙarfin sautukan da ke kuɓuce masa. Dattijon da ke jin nauyin a gan shi da na'urar asibiti a kunne ba ya jin nauyin sa abin da jikokinsa ke sauraron waƙa da shi.

Dalilin da ya sa hakan ke yawan faruwa a fili yake. Kasuwar nishaɗi tana da ɗaruruwan miliyoyin masu saye, don haka kamfanoni ke zuba kuɗi wajen inganta kyamara da allo da batir, farashi kuma ya faɗi. Likita da injiniya da malami sai su zo su tarar da abin a araha. Wani lokaci ma tafiyar kan juya baya. Thomas Edison, da ya ƙirƙiro na'urar naɗar murya a 1877, aikin ofis ya fi hango mata, amma waƙa ce ta sayar da ita.

Sai dai ko na'urar da aka saya ba ta gama fita daga hannun kamfani ba. A cikin shekarar 2010 ɗin nan da soji suka haɗa tasu kwamfutar, Sony, kamfanin da ya ƙera na'urar, ya saki wani sabuntawa da ya toshe damar ɗora wa PlayStation 3 wata manhaja daban, wato ainihin ƙofar da masu bincike ke bi.

Inda kuɗin dandali ke fitowa

Da an koma kan kafafen sada zumunta sai lissafin ya canza, kuma a nan gizo ke saƙa. Wanda ya sayar maka da waya ya karɓi kuɗinsa tun ranar ciniki. Dandali kuwa bai karɓi komai a hannunka ba. A 2023 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya samu kusan dala biliyan 135, kuma kimanin kashi 98 cikin 100 na wannan kuɗin daga talla ya fito. Mai talla yana biya ne gwargwadon idanun da suka ga hajarsa. Saboda haka kowane ƙarin minti da mutum ya yi a dandali kuɗi ne, ko mintin ya amfane shi ko bai amfane shi ba.

Daga wannan tushen aka gina fasalolin da kowa ya sani. Akwai shafin da ba ya ƙarewa komai yawan jan da aka yi masa, dabarar da ake dangantawa da Aza Raskin a 2006, wanda daga baya ya fito ya nuna nadamarsa a kai. Akwai bidiyon da ke kunna kansa. Akwai jan ɗigon sanarwa. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin cewa ladan da ba a san lokacin zuwansa ba ya fi riƙe mai nema a kan ladan da aka tabbatar da shi, tun gwaje-gwajen B. F. Skinner a kan tattabaru da ɓeraye. Mai jan allo bai san ko abu na gaba zai ba shi dariya ko haushi ba, shi ya sa yake sake ja.

A dubi makaniken da aka kawo wa motar da bai taɓa buɗe irinta ba. Ya jingine waya a jikin gilashi, ya rubuta sunan motar da matsalar, ya sami wani a wata nahiya yana kwance daidai wannan injin. Hannunsa duk baƙin mai ne, don haka da gaɓar ƙaramin yatsa yake tsayar da bidiyon, ya mayar da shi baya daƙiƙa goma, ya sake duba wane noti aka fara kwancewa. A wannan mintin YouTube kayan aiki ne kamar sifanar da ke hannunsa. Bidiyon na ƙarewa sai allo ya fara ƙirga daƙiƙu domin sako wani, wanda ba shi ya nema ba. Waya ɗaya, dandali ɗaya, mutum ɗaya, amma ragamar ta koma wani hannu. Bambancin da ya fi muhimmanci a duk wannan batun yana tsakanin akwatin nema, inda mutum ke shiga da tambayarsa, da shafin da ke gangaro masa da abin da algoridim ya zaɓa.

Amfanin da ba a musu a kai

Duk da haka, abin da kafafen suka yi na alheri ba ƙarami ba ne. Salman Khan ya fara ɗora darussan lissafi a YouTube a 2006 domin 'yan uwansa, abin ya zama Khan Academy, shafin darussa na kyauta a intanet. A 2014 wani wasan zuba wa kai ruwan ƙanƙara da ya yaɗu a Facebook ya tara wa wata ƙungiyar yaƙi da cutar shanyewar jijiyoyi a Amurka dala miliyan 115. A girgizar ƙasar da ta auka wa Turkiyya da Siriya a Fabrairun 2023, mutanen da gini ya danne sun riƙa rubuta adireshinsu a Twitter, wanda yanzu ake kira X, masu sa kai suna tattarawa suna miƙa wa masu ceto. Ga kuma abin da ba ya shiga labarai: mai ƙaramar sana'a da ba ta da shago sai shafi, da mai fama da cutar da ba kowa ya san ta ba wanda ya sami rukunin masu irin lalurarsa, da kurman da kiran bidiyo ya ba shi damar yin maganar hannu da wanda ke nesa.

Hanyar da ta ɗauki wannan alherin ita ce dai ke ɗaukar akasinsa. Wani bincike da masana a jami'ar MIT suka wallafa a 2018, bayan nazarin labarai kimanin 126,000 a Twitter, ya gano cewa an fi sake yaɗa labarin ƙarya da kashi 70 cikin 100, kuma gaskiya kan ɗauki kusan ninki shida na lokaci kafin ta kai ga mutum 1,500. Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma a dandali furen kan riga gaskiya isa ko'ina. A 2018 ɗin Facebook ya amsa cewa bai yi abin da ya kamata ba wajen hana amfani da shi don ingiza rikici a Myanmar.

Abin lura a nan shi ne abin da WhatsApp ya yi. Bayan jita-jitar da ta jawo kashe-kashe a Indiya, ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a 2018, ya faɗaɗa dokar ga duniya a 2019, sannan a Afrilun 2020 ya mai da saƙon da aka riga aka yi ta turawa zuwa wuri ɗaya a lokaci guda. Kamfanin ya ce yaɗuwar irin waɗannan saƙonni ta ragu da kashi 70 cikin 100. Ba a sauya halin kowa ba, maɓalli aka sauya. Wannan ya raunana maganar da ake yawan yi cewa fasaha ba ruwanta, mai amfani ne kawai ke da laifi ko yabo. Tsarin da aka yi wa abu yana karkata mutane zuwa wani ɓangare.

Inda masana suka rabu

Ɓangare na farko yana ganin illar ta riga ta bayyana. Jonathan Haidt na Jami'ar New York, a littafinsa na 2024, ya danganta ƙaruwar damuwa da ƙuncin rai a tsakanin matasa tun farkon shekarun 2010 da yaɗuwar wayoyin zamani. Babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi a 2023, a 2024 kuma ya nemi a riƙa sa wa kafafen rubutun gargaɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka kamuwa da wasan bidiyo cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, ko da yake ta bayyana cewa kaɗan ne daga cikin masu wasa abin ke kai su ga haka.

Ɓangare na biyu bai ce babu illa ba, cewa yake hujjar ba ta kai ƙarfin da'awar ba. Amy Orben da Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford sun duba bayanan matasa fiye da 350,000 a 2019, suka ga amfani da fasaha bai bayyana fiye da kashi 0.4 cikin 100 na bambancin walwalarsu ba. Candice Odgers ta Jami'ar Kalifoniya ta yi nuni da cewa alaƙa ba ta nufin sanadi: mai yiwuwa yaron da ke cikin damuwa ne ke fakewa a waya.

Wani gwaji ya ba kowane ɓangare abin riƙewa. Masu bincike daga Stanford da Jami'ar New York sun biya wasu mutane su rufe Facebook na mako huɗu gab da zaɓen Amurka na 2018. Waɗanda suka rufe sun sami rarar kusan awa ɗaya a kullum, sun ɗan fi samun natsuwa, zafin ra'ayinsu na siyasa ya ragu. Amma kuma sanin labaran da ke faruwa ya ragu a wurinsu. Wato dandalin yana ba da wani abu na gaske, yana kuma karɓar wani abu na gaske. Matsakaicin lissafi ma yana da nasa gibin, domin idan abu ya amfani mutum tara ya cutar da ɗaya ƙwarai, jimillar za ta nuna kamar babu abin da ya faru.

Na'ura kaɗai ba ta koyarwa

Tun 1913 Edison ya yi hasashen cewa majigi zai kori littafi daga makarantu. An yi wa rediyo da talabijin irin wannan fatan. A 2005 aka ƙaddamar da shirin bai wa kowane yaro ƙaramar kwamfuta, ƙarƙashin Nicholas Negroponte. Da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya auna sakamakon a makarantun karkara 319 na ƙasar Peru, ya tarar yaran sun iya sarrafa kwamfuta, sun ɗan ci gaba a wasu gwaje-gwajen kaifin tunani, amma makinsu a lissafi da harshe bai motsa ba.

Idan aka jera misalan da suka yi nasara, za a ga abu guda a cikinsu. Foldit yana da masanan da suka tsara tambayar kuma suka tantance amsar. AirPods sai da aka yi musu gwaji aka kai gaban hukuma. Saƙonnin Turkiyya sai da wasu suka zauna suka tace su. Makaniken nan ya riga ya san inji kafin ya buɗe bidiyo, shi ya sa ya gane wanda ya san aiki da mai surutu. A kowane hali akwai wani mutum ko wata cibiya da ta kawo manufa daga waje ta ɗora wa abin. Inda babu wannan, abin kan koma ga aikin da aka ƙera shi domin yi.

Zanen aro

Akwai wani haɗarin da ke zuwa bayan dandali ya zama mai amfani, kuma ya fi shafar waɗanda suka fi cin moriyarsa. A ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke na kusan awa shida a duniya baki ɗaya. Mai kallon barkwanci ya yi haƙuri ya kwanta, amma wanda duk odarsa ta nan take shigowa ya yi asarar yini. A Yunin 2020 Indiya ta haramta TikTok, inda yake da masu amfani kimanin miliyan 200, waɗanda suka gina sana'a a kansa suka wayi gari babu masu kallo. Ko ba a rufe komai ba, ƙaramin gyara a algoridim ya isa ya rage masu ganin shafin mutum ba tare da an yi masa bayani ba. Mabiya dubu ɗari suna cikin rumbun kamfani, lambobin abokan ciniki da mutum ya rubuta a wani wuri su ne nasa.

Abin da dokokin za su taɓa a rayuwar mutane

Gwamnatoci sun kasu kan hanya biyu. Wasu suna rage lokaci ko hana shiga. Sin ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu tun 2021. Faransa ta hana waya a makarantun firamare da ƙananan sakandare tun 2018. Dokar Ostireliya ma a wannan layin take. Tarayyar Turai kuwa ta nufi tsarin dandalin kansa: tun Agustan 2023 duk dandalin da ke da masu amfani fiye da miliyan 45 a Tarayyar dole ya ba da zaɓin shafin da ba a gina shi kan bibiyar halayen mutum ba, kuma dokar ta hana yi wa yara tallar da aka ɗinka da bayanansu. A 2024 TikTok ya janye wani tsarin ba da lada ga masu kallon bidiyo daga Turai bayan hukuma ta fara bincike.

Kowace hanya tana da tsadarta ga mutum na gari. Hana yara shiga yana nufin sai an tantance shekarun mutane da yawa, har da manya, ta hoton fuska ko katin shaida ko wata hanyar, wanda hakan ke ƙara yawan bayanan da ke hannun kamfanoni. Yaron da aka rufe wa shafi zai iya komawa ƙananan kafafen da ba a sa musu ido. A Ostireliya yaro zai ci gaba da kallon YouTube ba tare da shafi ba, amma ya rasa jerin darussan da ya ajiye, iyayensa kuma su rasa maɓallan sa ido da ke haɗe da shafin. A ɗaya hannun, iyayen da suka gaji da jin "kowa a ajinmu yana da shi" sun sami abin kafa hujja.

Hanyar Turai ba ta kori kowa ba, sai dai ta bar wa mutum nauyin nemo maɓallin. A yawancin manhajojin, shafin da algoridim ya tsara shi ne ke fara buɗewa, wanda ke son ɗayan kuwa sai ya shiga saituna ya lalubo shi da kansa.